Zanen Fuskar Yalwa

A rugar su Yalwa, can bayan Galadi, kowa fari ne sai ita. Ubanta Bahaushe ne, manomi daga Katuru, baƙi ƙirin, ita kuwa ta kwaso shi kaf ba ta rage komai ba. Tana goye ya rasu. Uwarta ta dawo gida da ita, daga baya ta sake aure ta bi miji Nijar, aka bar Yalwa a hannun kakarta Azumi.

Sunan da ta tashi da shi Kaɗo, wato yadda Fulani ke kiran wanda ba nasu ba. Kakar ce ma ta fara, kuma da yake kaka da jika akwai wasa, ba wanda ya ga abin magana. Yara suka ɗauka. In an je rafi wanka su ce ta ƙara cuɗawa, wataƙila a dace. Mai kitso kan yi ta tsaki don gashin ya ƙi kwantawa. Fillanci kuwa a bakinta ya fi na masu tsokanar, tatsa ma ba a koya mata sau biyu ba, amma baƙo in ya zo sai ya tambayi 'yar aikin wa ce.

Duk wannan ta shanye. Abu guda ne ya tsaya mata a rai, shi ne zane. 'Yan matan rugar duk an yi musu a gefen baki da kumatu, da aska da baƙin tukunya, tun suna ƙanana. Ranar da Hamida mai zane ta zo yi wa sa'o'inta, Yalwa ta wanke fuska ta shiga layi. Azumi ta zo ta finciko ta.

"Baƙi kan baƙi wa zai gani? Kar a yi asarar baƙin tukunya."

Mata suka yi dariya. Yalwa ba ta yi kuka a gabansu ba, sai da ta je turken maruƙa. Tun daga ranar take jiran abu guda daga tsohuwar nan: ta buɗe baki ta ce wannan tawa ce.

Sai zamani ya juya. Ta'asar 'yan bindiga ta yi yawa, mutanen gari suka daina bambance mai laifi da mai kama da shi. Bafulatani ya shiga kasuwa sai ya yi ta waige. Nan fa baƙar fuska marar zane ta yi rana. Kowace Alhamis Yalwa ke zuwa kasuwar Shinkafi ta yiwo wa ruga cefane, gishiri da kanwa da ashana. Masu cewa ta ƙara cuɗawa su ne yanzu ke rako ta bakin hanya suna mata addu'a. Sunan dai bai canza ba.

A shekarar ce yana ta rufe idon Azumi, har ta kai sai an ja ta. Aka ce akwai masu aikin ido a Shinkafi. Maza ba mai iya kai ta, don haka wata Alhamis Yalwa ta ɗaura mata zani irin na matan gari, ta ja mata mayafi har hanci, suka hau bayan a-kori-kura tare da masu buhunan gero.

Ba su yi nisa ba suka tarar da gungumen icce a gicciye, da samari 'yan sa-kai riƙe da bindigogin gargajiya. Ɗaya ya hau yana leƙa fuskoki. Yalwa ta ji tsohuwar ta zare hannunta daga nata.

"Ke tsohuwa, buɗe huska." Ya ga zanen. "Sabka. Ba mu barin ku shiga gari, ku ka kai musu labari." Sannan ya dubi Yalwa. "Tare kuke da yarinyag ga?"

Kafin Yalwa ta motsa baki Azumi ta riga ta, da Hausarta mai karkata.

"Ni da wannan? Dube ta da kyau, yaro. Kaɗo ce, taku ce. A hanya na roƙe ta ta riƙe mini hannu."

Saurayin ya duba, ya yarda nan take. Wa ma zai yi musu? Abin da ya fi yi wa Yalwa ciwo ke nan, yadda maganar ta zauna daram ba wanda ya ko ɗaga gira. Ta san dabara ce. Sanin bai hana ta jin kunya da baƙin ciki ba, don kalmomin nan ta sha jin su a gida lokacin da ba kowa a hanya.

Aka sauke tsohuwar. Ta tsaya a gefen titi da sandarta, ta fuskanci inda ba kowa. Direba ya tayar da mota. Yalwa ta tattara zaninta ta diro.

"Kakata ce," ta ce. "Ita ta haifi uwata."

"Mi kic ce?"

Ta maimaita, wannan karon da Fillanci, da ƙarfi, yadda na cikin mota ma suka ji.

Ba a dake su ba. An dai zazzage kayansu, an zaunar da su cikin rana har ta karya, sannan aka nuna musu hanyar da suka fito. A ƙafa suka koma, Yalwa a gaba, sanda a tsakaninsu. Azumi ba ta yi shiru ba ko na taku ɗaya.

"Sakarya! Shekara da shekaru ina tsare miki fuska don rana irin ta yau, kin zo kin ɓarar da baki."

Ko gaskiya ne, ko a hanyar nan ta ƙirƙiro shi, Allah kaɗai ya sani. Tsofaffi sun iya gyara abin da ya wuce.

"To tunda ta ɓare, Inna, ki sa a yi mini zanen."

"Ba zai fita ba."

"Ki sa a yi."

Ba a sake maganar asibiti ba. Kafin damina ta faɗi, ɗan hasken da ya rage a idon Azumi ya tafi. Wata safiya ta aika a kira Hamida. Mai zanen ta ce yarinya ta girma, zai yi zafi, kuma da wuya ya nuna. Azumi ta ce ba don shawara ta kira ta ba, ta dai danna askar sosai.

Da ya warke, maganar tsohuwa ta tabbata. Sai mutum ya matso kusa, rana kuma tana gefen da ya dace, kafin ya lura da wani abu. 'Yan matan suka zo suka duba, suka kama baki suna gimtse dariya. Yalwa ta wuce su ta shiga bukka ta durƙusa a gaban kakarta.

Azumi ta lalubo fuskar da hannu biyu. Yatsunta suka bi kumatu a hankali, suka gangaro gefen baki, suka tsaya a kan tabon, suka sake komawa farko.

"Ya fita," ta ce. Sannan ta ɗaga murya don na waje su ji. "Wa ya ce bai fita ba? Ku zo ku ga Yalwata."