Hatimin da Aka Ba Liman

Tun ranar da hukumar gari ta aiko wa Liman da hatimi, masallacinsa ya fara cika. Da can sallar azahar sahu ɗaya ce da rabi, rabin ma tsofaffi ne masu tari. Yanzu jama'a har bakin ƙofa, takalma sun yi tsibi, kowa da takarda a ninke cikin aljihu. Sabuwar doka ta ce duk mai son a sabunta masa izinin rumfa a kasuwa sai ya kawo shaidar shugaban wurin ibadarsa cewa yana zuwa. Wai ta haka za a tsarkake kasuwa.

Da farko Liman ya ji daɗi, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Har 'yar jaka ya sa aka ɗinka wa hatimin. Sai ranar Laraba, da ya sallame ya juyo, ya hangi mai gyaran agogo a sahun ƙarshe.

Shekara talatin suna maƙwabtaka, katanga ɗaya ce tsakaninsu. Mutumin bai taɓa taka masallaci ba, bai taɓa taka coci ba, bai kuma taɓa cutar kowa ba. Shi ya goya Liman a babur zuwa asibiti ranar da hawan jini ya kayar da shi. Yau ga shi durƙushe a kan gwiwar nan tasa mai ciwo, yana satar kallon na kusa da shi don ya ga inda ake ajiye hannu.

Da aka watse mutumin ya matso da takarda a hannunsa.

"Malam, na zo," in ji shi. "Litinin za su rufe rumfar. Ka dai ga na zo."

"Wa ka yi wa sujada ɗazu?"

Tsoho da furfurarsa ya sunkuyar da kai kamar mai laifi. Ran Liman ya ɓaci har kunnuwansa suka ɗauki zafi, amma ba da shi yake fushi ba. Ya fizge takardar, ya zura takalma, ya nufi ofishin hukuma ko carbinsa bai tsaya ɗauka ba.

Jami'in da ke ba da izinin rumfuna ɗan ƙanwarsa ne. Yana zaune ƙarƙashin fanka mai ƙugi, fayiloli sun kusa binne shi, mutane jere a benci suna jira. Yana ganin Liman ya miƙe.

"Kawu, sannu da zuwa. Ai da ka aiko na zo."

Liman ya dangwarar da hatimin a kan tebur. "Ga kayanku. Kun mayar min da masallaci layin karɓar takarda! Mutum ya zo ya kai goshi ƙasa saboda rumfa. Wurin Allah kuka turo shi, ko wurin wannan ɗan guntun katakon?"

"Kawu, a hankali, akwai mutane."

"Su ji mana! Ku yashe kwata, ku gyara fitilun kasuwa, aikinku ke nan, kuma ba ku yi ba. Wa ya ɗora muku leƙen zuciyar mutane?"

Jami'in ya koma kan kujerarsa. Ya jawo wani fayil, ya buɗe, ya juyo da shi. Wasiƙar bara ce, wadda malamai da fastoci suka haɗu suka kai, suna roƙon hukuma ta shigar da tsoron Allah cikin harkar kasuwa. Sa hannun Liman ne na uku.

"Ku kuka nema, Kawu."

Liman ya tuna ranar sarai. Kujeru masu laushi, lemo mai sanyi, an ɗauki hoto yana ta washe baki. Kunya ta rufe shi, ta kuma ƙara masa fushi.

"To, na janye."

"Janyewa sai majalisa ta zauna, wata uku in an yi sauri. In ka bar hatimin nan kuwa, ranar Litinin babu ɗan unguwarka da zai buɗe rumfa. Wallahi ba ni da yadda zan yi."

Liman ya dubi takardar maƙwabcinsa. Layi ɗaya ne tak: na shaida mai wannan takarda yana halartar ibada a wurina a kai a kai. Shekara arba'in yana tsawatar wa mutane a kan shaidar zur. Ya ɗauki hatimin, ya buga da ƙarfin da ya sa na kan benci suka zabura.

Ya bi ta kasuwa, ya ajiye takardar a tsakanin agogunan da ke kan teburin tsohon.

"Kada ka ƙara wahalar da gwiwarka saboda su," in ji shi. Bai tsaya jin godiya ba.

Da la'asar masallaci ya sake cika maƙil. Ladan ya tayar da iƙama, sahu ya daidaita, kowa ya yi tsit yana jiran kabbara. Liman ya tsaya a gaba, hannuwansa suka ƙi ɗaguwa. Can ya juyo ya kamo hannun rigar na'ibinsa.

"Shige ka ja mu."

"Lafiya, Malam?" na'ibin ya tambaya ƙasa-ƙasa.

"Ina fa lafiya," Liman ya ce, da muryar da ta kai sahun ƙarshe. "Na yi shaidar zur yau da rana. Kuma gobe ma sai na yi."