Dambun da Ba Nata Ba

Saude na ɗaga murfin kular ta mayar da shi da sauri. Kwaɗon zogale ta zuba da hannunta a Tudun Wada, da ƙuli-ƙuli da albasa da tumatir. Abin da ta gani yanzu kuwa dambu ne.

Ta sake duba ƙunshin. Kular ruwan hoda ce, irin tata. Ɗankwalin da aka ɗaure ta da shi ma irin nata ne, atamfar nan da rabin matan ƙasar suka yi sallah da ita bana. Ɗaurin ne kawai ba nata ba, an yi masa ƙulli biyu. Nan take ta tuna Kwanar Ɗangora, inda direba ya sauke kaya daga but ɗin mota yana ta azalzalar mutane, ita kuma ta suri abin da ta gani ta haye motar Kiru.

"Amarya, ko ƙonewa ya yi kike ɓoyo?" in ji Rufaida, ƙanwar mijinta Jibrin, tana leƙowa ta kafaɗarta.

Tsakar gidan cike yake da matan dangi, taron zumuncin da suke yi bayan kowace sallah. Inna, kakar Jibrin, ita ta kafa dokar abinci marar nauyi, tun shekarar da kowa ta zo da shinkafa aka ci aka ɓige da barci ba a yi zancen komai ba. Ga awarar Fiddausi, autar gidan, ga ɗanwake, ga alala, ga kwaɗon rama, ga zoɓo a bokiti. Kuma kowa ya sani, amaryar shekara ce Inna ke fara ɗanɗana girkinta. Abin da ta faɗa a kansa shi zai bi mace har ta yi jika. Akwai wadda har yau ake kira Mai Gishiri.

"Kawo nan, 'yar nan," Inna ta miƙo hannu daga kan tabarma.

Saude ta durƙusa ta ajiye kular. Ta buɗe baki za ta yi bayani, amma Rufaida ta riga ta cire murfin. Ƙamshin man shanu ya tashi.

Inna ta yi bismilla ta kai loma. Ta tauna a hankali, ta lumshe ido, ta sake ɗiba.

"Kai! Jibrin ya yi dace. Rabona da irin wannan dambun tun ina budurwa a Doguwa."

Aka sa guɗa. Maganar da ke bakin Saude ta koma ciki.

Kafin a jima an kewaye kular, amma Inna ce ta fi kowa kai hannu. Ita ma ta ɗebi kaɗan a tafin hannu ta koma gefe, don tana son sanin abin da ake yabonta a kai. Tsakin masara ne, wannan ta gane. Ga gyaɗa, ga zogale. Amma akwai wani ganye daban, mai ɗan ɗaci-ɗaci da ke komawa zaƙi a maƙogwaro, da wani jan gari da ba yaji ba ne. Ta murza shi a yatsa ta sunsuna. Ba kimba ba, ba kanumfari ba. Wace ce mai wannan hannu? Ina za ta da shi? Yanzu haka tana can ta buɗe kula ta tarar da kwaɗo.

"Wane ganye ne wannan, Anti Saude?" Fiddausi ta tambaya, bakinta cike.

"Na wajenmu ne," in ji Saude, idonta a ƙasa.

"Ji rowa! Ba za ta faɗa ba."

"Ku ƙyale ta," in ji Inna tana suɗe yatsa. "Ranar Juma'a zan je Tudun Wada da kaina, in zauna a bakin murhu ta yi mini ina kallo."

Rufaida kuwa har ta kankare gindin kular da cokali.

Ƙarar achaɓa ta tsaya a ƙofar gida. Sai ga sallama, wata doguwar mata ta shigo, ƙafafunta duk jar ƙasa, mayafinta ya zame. Babu wanda ya san ta. A hannunta akwai kula ruwan hoda, ɗaure da ɗankwalin atamfar bana.

Ta gaida Inna a gurguje. "Ku yi haƙuri, Hajiya. Tun daga Kwana nake cigiya, direba ya ce mai kayan nan Kiru ta nufa. Wace ce mai kwaɗon zogale?"

Inna ta juyo ta dubi Saude. "Kwaɗo kuma? Ba dambu kika kawo ba?"

Matar ba ta jira amsa ba. Idonta ya sauka kan kular da ke tsakiyar tabarma, wayam, cokali a ciki. Ta saki kular da ke hannunta ta ɗora hannu biyu a ka.

"Innalillahi! Cinyewa kuka yi? Da maganin gyaran amarya a ciki?" Ta bi fuskokinsu da kallo ɗaya bayan ɗaya. "Wace ce ta fi ci?"

Duk gidan suka juya suka kalli Inna.