Kafet Ɗin Lalla Fadma

Sau uku Nezha tana yi wa iyayenta bayani, dalla-dalla kamar mai koyar da 'yan aji ɗaya. Jami'a ta ɗauke ta a Agadir. Kuɗin ɗaki da na abinci kuwa sai in gidauniyar nan mai tallafa wa 'ya'yan leburorin gona ta ba ta, ita kuma gidauniyar ba ta sakin ko dirhami sai ta turo mutum ya ga gida da idonsa, ya tabbatar babu. Abin da take roƙo ɗaya ne: ranar Talata da mutumin zai zo, a zauna yadda Allah ya ajiye su, kada a taɓa ko tsinke.

"Mun ji," in ji mahaifinta, Si Lahsan. "Ai mu ba yara ba ne."

Ranar Talata da sassafe ta shiga Tarudant ɗaukar hoton takardu. Da ta dawo sai ta yi turus a bakin ƙofa, tana zaton gidan wani ta faɗa. Jan kafet bango zuwa bango, matasai jere, butar shayi ta azurfa a kan faranti, talabijin mai faɗin ƙyaure. Ga firji a tsakiyar ɗaki, ba a jona shi da komai ba, an ɗora masa furen roba a ka.

"Inna, mene ne haka?"

"Baƙo za mu yi," in ji mahaifiyarta, Lalla Rkiya, tana goge kofuna. "So kike mutumin birni ya zauna kan tabarmar da kaji suka gama da ita? A ce me a garin nan?"

"A ce ba mu da shi, Inna. Abin da ya zo gani ke nan."

"Bakinki ya sari ɗanyen kashi. Je ki duba tukunyar tajin a kan wuta."

To, a ƙauyen nan baƙon mutum ɗaya na kowa ne. Kafet na maƙwabciya ne, Lalla Fadma, buta ta matar liman, talabijin na tsohon da ɗansa ke Faransa. Kaza ce kawai tasu, ita ma tana cikin tukunya. Si Lahsan kuwa ya fito cikin farar jallabiyar surukinsa yana taku ɗai-ɗai. Shekara biyu ke nan da rijiyoyin gonakin lemo suka ƙafe, ba wanda ya kira shi tsinkar lemo, amma in ka tambaye shi cewa zai yi hutawa yake. Girman kai rawanin tsiya, shi dai nasa ya naɗu da kyau.

Da azahar mai binciken ya iso, wani siririn mutum mai suna Si Abdulkabir, rungume da fayil. Aka ci kaza da zaitun, aka tsiyaya shayi daga sama har ya yi kumfa, sannan ya zaro biro.

"Aiki fa, Si Lahsan?"

"Alhamdulillahi. Harkar lemo muke taɓawa."

"Akwai gona ke nan?"

"Daga nan har gindin dutse babu bishiyar da ba ta san hannuna ba."

Ba ƙarya ya yi ba, tun yana saurayi yake tsinkar wa mutane su. Amma biro tafiya yake, Nezha kuma daga bakin ƙofa tana ganin kanta a rumbun cika kwali, inda 'yan ajinsu ke tsaye daga safe har yamma suna ware tumatir. Haushi ya turnuƙe ta, ga tsoro. Tana son magana, amma wace 'ya ce za ta ƙaryata ubanta a gaban baƙo?

Si Abdulkabir ya ajiye biro. Ya ɗaga matashin da ke gefensa, sai ga ƙunar gawayi a jikin kafet, ya shafa ta kamar mai gaisawa da tsohon aboki.

"Ni da kafet ɗin nan mun saba," ya ce. "Gida na huɗu ke nan da na zauna a kansa a garin nan. Firjin ma bara a zauren wani gida na same shi, sai dai lokacin furen shuɗi ne."

Lalla Rkiya ta ja gyale ta rufe baki.

"Na gode da karamci, wallahi. Amma takarda ba ta da ido. Abin da maigida ya faɗa nake rubutawa, ya sa hannu. Gida ukun nan duk alhamdulillahi suka ce min, na rubuta alhamdulillahi. 'Ya'yansu na nan a gida."

Ana jin motsin matan maƙwabta da suka laɓe a gindin taga.

"Baba," in ji Nezha. Iya abin da ya fita ke nan.

Lalla Rkiya ta miƙe za ta rufe tagar, mijin ya ɗaga mata hannu.

"Bar ta a buɗe. Ai kayansu ne, sun fi mu sani."

Ya ajiye kofin shayi, ya daɗe yana kallon tafin hannunsa.

"Rubuta, ɗana. Shekara biyu ba ni da aiki. Burodin da muke ci, matata ce ke fasa wa masu tatsar mai ƙwallon itacen argan tana kawowa. Kazar da ka ci ita ce ta ƙarshe. Rigar nan ba tawa ba ce." Ya nuna Nezha ba tare da ya dube ta ba. "Abin da yake nawa a ɗakin nan ita kaɗai ce, ita ma ga shi roƙonka nake a raba ni da ita."

Si Abdulkabir ya soke layukan farko, ya sake rubutu, ya miƙa masa biro. Tsohon ya sa hannu, a kan kunnen matan garin gaba ɗaya.

Nezha ta san ta samu Agadir. Ta so ta yi murna, tausayi ya hana ta, ta kasa ɗaga ido ta dubi mahaifinta.