Ranar da Aka Fitar da Shugaba Waje

Bilyaminu mai sayar da kayan gyaran babur a Kaura Namoda shi ne shugaban wata ƙungiyar matasa masu aikin gayya. Suna yashe magudanan ruwa kafin damina, suna raka marasa lafiya asibiti, in an nemi jini su bayar. Ba wanda ake biya ko sisi. Suna da mutane a Kaura da Shinkafi da Zurmi, kuma a farkon kafa ƙungiyar, in aka kira aiki har shebur ba ya isa.

Bana kuwa, ranar yashe kwatamin bakin kasuwar hatsi, mutanen da suka fito ba su cika keke napep biyu ba. Abin ya ci wa Bilyaminu rai. Ya kira taro a ajin wata makarantar firamare, ya ce kowa ya zo ya faɗi abin da ke ransa.

An zo, ba laifi. Ya miƙe ya yi bayanin amfanin gaskiya, ya kawo tarihin ƙungiya tun daga tushe, sannan ya ce, "To, ina saurare. Kowa shi faɗi, ko ni na yi laifi a gaya mini."

Aji ya yi tsit. Can Sha'aibu, wani manomi da ya zo daga Galadi a kan babur, ya ce, "Wallahi Shugaba kana ƙoƙari. Allah shi saka."

"Ba yabo na tara ku ba, Sha'aibu. Me ya hana ka zuwa aiki?"

"Hidimomi ne kawai."

Bilyaminu ya juya ga Nuhu na Zurmi. Nuhu ya ce duk abin da Sha'aibu ya faɗa shi ne. Wani daga baya ya ce a ƙara haƙuri da juna. Wani ya ɗaga hannu, Bilyaminu ya yi murna, ashe addu'a zai ja. Aka shafa.

Bilyaminu ya cire hula ya ajiye kan tebur. "Jama'a, don girman Allah! Na rufe shago na zo nan. In komai lafiya lau ne, wa ya bar ni cikin kwatami ni da mutum kaɗan? Aljannu?"

Aka yi 'yar dariya kawai.

Saudat, ɗalibar kwalejin kimiyya da fasaha wadda ke kula da ɓangaren mata, ta ce, "Yaya Bilyaminu, in da gaske kake, ka ɗan fita waje."

"In fita? Ni na kira taron!"

"Shi ya sa."

Ya dube ta, ya dubi sauran. Ba wanda ya ce a'a. Ya ɗauki hularsa ya fita, ya zauna kan baburinsa a gindin dogon yaro.

Ko gyara zama bai gama ba, ajin ya kaure da hayaniya. Mutanen da ɗazu suka kasa haɗa jimla guda, yanzu har katse juna suke. Ya jiyo muryar Sha'aibu sama da ta kowa, sai kuma aka kwashe da dariya. Ya tabbata kwaikwayon maganarsa ake yi. Sau biyu yana miƙewa zai koma, yana fasawa. Ya sayi rake wurin wata tsohuwa, ya sha ba tare da ya ji zaƙinsa ba.

Da Saudat ta fito, ta tsaya nesa kaɗan. "Zan faɗa, amma ba zan ce wane ne ya faɗi kaza ba."

"Faɗi."

"Kana sa aiki ranar kasuwar Shinkafi, ranar da rabinsu ke neman abinci. Kana kiran taro da safe, ka yi ta magana har la'asar ta kusa, alhali mutanen Galadi da Badarawa ba su son yamma ta yi musu a hanya, ka san halin rashin tsaro da ake ciki. Kullum Kaura ake zuwa, ba ka taɓa bin su can ba. Kuma in an gama aiki, hotonka ne kaɗai ke yawo a waya."

"Hoton nan ai don masu taimaka mana ne! Ranar kasuwa kuma, da sun gaya mini..."

"Nuhu ya gaya maka bara," in ji ta, sai ta rufe baki da hannu don ta ambaci suna. "To, sunan ya riga ya fita. Ya ce da ya faɗa, ka tsare shi a bakin masallaci kana masa bayani har ya rasa motar Zurmi."

 Bilyaminu yana da amsar kowace magana, kuma a ganinsa amsoshin masu kyau ne. Ya tofar da ɓawon rake, ya koma ajin.

Kowa ya sunkuyar da kai. Bilyaminu ya ce, "Na ji. Aiki na gaba a Shinkafi za a yi, ba ranar kasuwa ba. Ku tashi ku kama hanya tun da rana."

Sha'aibu ya ɗago. "Shi ke nan jawabin?"

"Tashi ka tafi, Malam, kafin in canza shawara."

Aikin Shinkafi ya yi jama'a. Sai dai tun daga ranar bakin mutane ya buɗe, bai kuma rufuwa ba. Mutanen Zurmi suka ce an fifita Shinkafi. Mata suka ce safar hannun da aka raba ta yi musu girma. Wata safiya yana tsakiyar ciniki da mai sayen tayar babur, Sha'aibu ya kira shi daga Galadi don ya sanar da shi cewa launin rigar ƙungiya bai yi masa ba.

Bilyaminu ya rufe ido, ya ja numfashi. "Wane launi kake so, Sha'aibu?"

"Tau, ban yanke ba tukuna. Zan sake kira."