Masu Binne Kirinjijiya

Tambara ba ta taɓa cin naman kirinjijiya ba, kuma ba ta taɓa ɓoye dalili ba. Agwagwar dajin nan mai farar fuska, wadda ke fito in ta tashi sama, ita ce kan gidansu. A gidan ubanta ba a kashe ta, ba a cin ta. In kuwa aka tsinci gawarta, to ɗan gida ne ya mutu, sai maza su ɗauki dagi su haƙa rami a rufe ta da mutunci. Haka ta taras ana yi a Tungar Ango, cikin ƙasar Kurfai, haka kuma ta ga wanta Magagi yana yi har ƙasa ta rufe idonsa.

Bayan Magagi gidan ya koma hannun ɗansa Ibrah, wanda ya yi karatu ya zama ladanin gari. Tambara ba ta da faɗa da salla, muryar yaron ma daɗi take mata da asuba. Abin da ke ci mata rai shi ne yadda yake sunkuyar da kai in an ambaci kirinjijiya, kamar an tono masa abin kunya. Shi da ubansa ba ya kiransa da suna daga gona, sai dai ya yi masa fito irin na tsuntsuwar, ya taho da gudu wando na faɗuwa. Yanzu ya tara gemu, wai bai san zancen ba.

Shekarar da sojoji suka karɓi mulki a Yamai damina ta yi ƙarfi, tabkin da ke gabas da gari ya cika har ya ci gonaki. Kirinjijiya suka sauka garke-garke, Tambara tana tafiya tana ɗaga kai kamar ita ta aika musu goron gayyata. Amma da ruwa ya ɗauke, zafin kaka ya sauko, tabkin ya fara ja da baya, ya bar taɓo mai ɗumi da wari. A nan abin ya soma. Sai ka ga agwagwa lafiya lau, jim kaɗan ƙafa ta ƙi, fiffike ya saki, wuya ya langaɓe ya kwanta a kan ruwa. Wasu a ruwan da bai kai idon sawu ba suke nutsewa, don sun kasa ɗaga kai.

Gari ya tsorata. Ba a daɗe da yin murar tsuntsaye ba, kowa ya ji a rediyo yadda aka karkashe kaji a can gabas, kowa kuma ya haddace gargaɗin cewa kada a taɓa mushen tsuntsu. Dattawa suka zauna gindin gawo suka yanke magana biyu: kada wanda ya kai labari wurin hukuma a Filinge, don a ganinsu soja ba ya tsayawa tambaya, kaji da zabin gari kawai za a zo a share, kuma kada wanda ya taɓa mushen. Sun ɗauka sun yi dabara. Gawawwaki suka kumbura a bakin ruwa, tsutsa ta yi ta tafasa a cikinsu, masu rai suna bi suna tsattsaga, washegari su ma su kwanta.

Tambara ta je ta tarar da Ibrah a zaure yana gyaran tabarmin masallaci. Ba ta zauna ba.

"Ibrah, ɗiyan gidanku na kwance bakin tabki, rana na cin su. Ni macce ta, ban gadi dagi ba."

"Gwaggo, tsuntsaye na," in ji shi, idonsa a kan tabarma. "Ki bar abin ga, mutane na magana."

"Ubanka bai taɓa ce musu tsuntsaye ba."

Ya ci gaba da gyaran tabarma. Ta shiga ɗakin Magagi da kanta, ta ɗauko dagin daga bayan ƙofa, ta fito ta gabansa da shi a kafaɗa. Mace ba ta haƙa kabari a ƙasar Kurfai, in kuwa aka ga ta yi, ba ita ake yi wa dariya ba, mazan gidansu ake yi wa. Ta san haka sarai, shi ya sa ta bi ta tsakiyar gari maimakon ta zaga ta bayan rumbuna.

A kan tudu, nesa da ruwa, ta fara haƙa. Takan shiga taɓo har gwiwa ta ɗauko gawa a kan faifai, ta naɗe ta da ganyen sabara, ta sa a rami, ta kira ta da sunan kakanninta, ta rufe. Wari ya kama zanenta, sabulu ya kasa fitar da shi. A bakin rijiya mata suka riƙa janye gugansu in ta iso, a gida aka ware mata ƙwarya. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, don da yawa daga cikin masu toshe hancin ita ta yanke musu cibi. Amma ko sau ɗaya ba ta rage tafiyar ƙasaitar nan tata ba, da safe ta wuce, da la'asar ta dawo, tana gaida kowa da sunansa ko ya amsa ko kada ya amsa.

Waɗanda ta samu da sauran numfashi ba ta iya barinsu. Ai ba a barin ɗan'uwa a rana don ana jiran ya mutu. Ta kafa 'yar rumfa da kara gindin kalgo, ta jera su a inuwa, ta tallafe wuyansu da tsumma, tana ɗura musu ruwan rijiya da ludayi kamar yadda ake yi wa mai zazzaɓi. Da yawa sun cika a hannunta. Wasu kuwa suka yi ta lumshe ido, ba su mutu ba, ba su tashi ba.

Aikin ya fi ƙarfin tsohuwa ɗaya. Tana rufe waɗannan, wasu suna faɗuwa a can ƙetaren. Sai Lado maharbi, wanda ya fi kowa zabi a garin, ya kawo shawara a harbe duk abin da ya rage a tabkin, a huta kafin ciwon ya shigo gari. Dattawa suka yarda. Da labarin ya iso wa Tambara, ba ta koma wurin Ibrah ba. Ta riga ta roƙa sau ɗaya, kuma a gidansu ba a maimaita roƙo.

Ranar da aka sa, da hantsi, maza suka fito da bindigogin toka, aka taho da ladan don ya yi addu'a kafin a fara. Suka tarar da Tambara a tudunta, durƙushe cikin ramin da bai kai rabi ba. Bayanta ya riƙe tun safe. Ta ɗaga dagin, ya kuɓuce, ta sake ɗagawa, ya sake kuɓucewa. Gawawwaki na jere a gefe suna jira. Lado ya ce mata ta kauce kada hayaƙi ya dame ta, ba ta ko dube shi ba.

Ibrah ya ɗaga hannu zai fara addu'a ke nan, sai aka ji fito daga gindin kalgo. Ɗaya daga cikin majinyatan Tambara ce ta miƙe a kan ƙafafunta tana rawar jiki, wuyanta a tsaye, tana kiran 'yan'uwanta da ke kan ruwa. Muryar a shaƙe take, amma fiton nan ne dai, wanda yake jin sa daga gona tun yana yaro. Hannuwansa suka tsaya a sama. Ya dubi tsuntsuwar, ya dubi ƙanwar ubansa cikin rami da taɓo har kunne. Sannan ya tuɓe babbar rigarsa ya rataye a reshe, ya sauka ya tallafo ta ya zaunar a inuwa, ya ɗauki dagin.

"Lado, aje bindigar ga," in ji shi. "Wanda duk yah harba cikin tabkin ga, gidan ubana yah harba."

Lado ya ce wannan ba aikin ladan ba ne. Ibrah ya amsa yana haƙa, ya ce bai taɓa karanta inda aka hana rufe mushe ba, kuma murar da suke tsoro ba ta barin wanda ta kama ya miƙe ya yi fito. Da aka matsa masa da zancen kaji, ya ce shi zai tafi Filinge ya kira masu sani, in an zo an taɓa kazar wani, a kansa. Bindigogi suka koma gida da harsashinsu. Tambara na zaune ta jingina da kalgo, tana gyara masa aiki, wai ramin bai yi zurfi ba, ubansa ba haka yake yi ba.

Ranar kasuwa ya shiga mota, ya dawo da wata likitar dabbobi mai suna Dijatu. Ta zaga tabkin, ta ɗaga wuyan marasa lafiya, ta leƙa akurkin gari ta ga kaji garau. Ta tara mutane ta ce ba mura ba ce. Dafi ne da ke tashi a cikin ruɓaɓɓen nama idan ruwa ya ja baya ya yi ɗumi, botilis ake ce masa da Faransanci. Tsutsa ta ci mushe ta ɗauki dafin, agwagwa ta ci tsutsar ta faɗi, ita ma ta zama mushe. Ta ce kada kowa ya ci naman, a kwashe duk gawar da ta rage a rufe da zurfi, masu rai a ba su inuwa da ruwa mai tsabta. Ta raba safar hannu, gari ya fito kaf, har da Lado yana toshe hanci da rawani. Tambara ta saurari bayanin tsutsar da ladabi, amma bai dame ta ba, ita ba don tsutsa ta haƙa ba.

Mutuwar ta ragu, ta tsaya. Da sanyi ya shigo, sauran garken suka tashi suka yi kudu, har da wasu daga gindin kalgo.

Damina ta zagayo, sojoji sun miƙa mulki sun koma bariki, kirinjijiya suka dawo tabkinsu. Wata safiya aka ga guda ɗaya a mace a bakin ruwa, shaho ne ya buge ta. Tambara na tsakar gida tana tsince wake ta ji muryar Lado a zaure. Ba ita ya zo nema ba.

"Ladan," in ji shi, "an yi muku rashi bakin tabki."

Ta kasa kunne. Ta ji Ibrah ya yi godiya, ta ji ƙarar ƙofar ɗakin Magagi, ta ji dagi ya bugi dokin ƙofa wajen fita. Daɗi ya cika mata ciki har ta rasa inda za ta sa shi. Ta ture faifan waken, ta ɗaura zanenta na fita, ta shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, ta zauna tana jiran masu gaisuwa.