Tabarau Kafin Litinin

Zama na uku ke nan da mai walda da tsohuwar matarsa, mai ɗinki, suke yi a ofishin sulhu tun da suka rabu. Ɗakin ɗan tsukuku ne, fanka sai ƙugi take yi babu iska. Shi yana ta kaɗa mukullin babur a gwiwa, ita ta juya masa ƙeya.

An riga an raba kwanaki: 'yarsu na wajen uwa ranakun makaranta, Asabar da Lahadi wajen uba. Yau maganar tabarau ce. Mako uku ke nan da na yarinyar ya fashe, ba ta ganin allo, ga jarrabawar shiga sakandare ranar Litinin. Ba rashin hali ya hana a sake wani ba. Kowannensu gani yake in ya sake, ya amsa laifin fasawa. Wannan ba tarbiyya ba ce, girman kai ne, kuma yaro ke ɗaukar dakonsa.

"A gidansa ya fashe, Hajiya," in ji mai ɗinki, tana kallon mai sulhu. "Shago duk ƙarafa."

"Hajiya, tambaye ta, da tsaga aka kawo min shi ko babu?"

"Ji shi! Mutumin da bai san ajin da 'yarsa take ba."

"Aji shida!"

"Sannu da ƙoƙari."

Mai sulhun, dattijuwa mai kaushin murya, ta buga biro a tebur. "Ku biyun nan kun ishe ni. Ban tambayi wa ya fasa ba. Takardar awon ido tana ina?"

Tana cikin jakar uwar. Ƙarfen tabarau ɗin kuma yana aljihun uban, ya naɗe shi a leda kamar shaidar kotu.

"Yau Juma'a, huɗu ta gota. Mai tabarau biyar yake rufewa," in ji mai sulhu.

Mai ɗinki ta zaro takardar ta miƙa wa mai sulhu. "Ba shi."

"Ni ba 'yar aikenki ba ce, 'yar nan. Ga shi nan, hannunsa biyu."

Mai walda ya miƙe, ya zauna, ya sake miƙewa. Minti goma suka ci a haka, takarda na hannun mace, namiji ya ƙi matsowa taku ɗaya. Daga ƙarshe ta jefa ta kan tebur, ya fizga ya fita ba sallama. Ita ma ta bi bayansa a tasi, wai don kada ya zaɓo mai arha.

Sun tarar da mai tabarau yana jawo ƙofa. Ya koma ciki, ya ɗaga takardar ya duba, ya girgiza kai.

"Irin wannan gilashin ba na ajiye shi, sai an yanko. Laraba, in an yi sauri."

"Malam, jarrabawa gare ta Litinin," in ji uban.

"To, da kuna ina?"

Suka fito daga shagon. Suka tsaya a bakin titi, motoci na wucewa, kowa na jiran ɗan'uwansa ya ce shi zai je ya gaya wa yarinyar.