Ranar da Jirgin Auta Ya Karkace

Direba ya shekara talatin yana jan tirela, amma tafiyar awa goma sha huɗu a sama ba tsayawa ta ƙi shiga kansa. A hanya in mutum ya ji ba daɗi, sai a gangara gefe, a sha ruwa, a miƙe ƙafa. A sama fa? Ga shi Auta, 'yarsa da ta samu gurbin karatu a wani birni can bayan teku, tana da sikila; sanyi kaɗan kan tayar mata da ciwon ƙashi, musamman a ƙafafu.

Da suka dawo daga rakiyarta filin jirgi, ya sauke uwarta a gida ya wuce gareji, inda ake gyara masa birki. Ya zauna kan tsohuwar taya, ya ƙura wa waya ido. Auta ce ta koya masa bin tafiyar: wani ɗan jirgi rawaya yana rarrafe a kan taswira.

Bakanike, tsohon abokinsa, ya leƙo daga ƙarƙashin mota ya ce, "Tun ɗazu kake kallonsa. Kai kake tura shi ne?"

"Yi aikinka. Wannan ko tirelata da lodi ta fi shi sauri."

Wajen la'asar, ɗan jirgin yana tsakiyar shuɗin teku, sai ya karkata hanci. Direba ya goge fuskar wayar da hannun riga. Ba datti ba ne, jirgin ya bar layinsa. 

Ya kira ofishin kamfanin jirgin. Aka bar shi da kiɗa a kunne har gumi ya jiƙa masa wuya, sannan wata mata ta ce wani fasinja ne ba shi da lafiya, za a sauka a birni mafi kusa.

"Mace ce ko namiji? 'Yata tana ciki, baiwar Allah!"

"Ka yi haƙuri, Baba, ba a ba mu suna ba."

Yana ajiyewa matarsa ta kira. "Baban Auta, sun kai ina?"

"Suna tafiya."

"Muryarka ba haka take ba. Faɗa min."

Ya faɗa mata. Ba ta yi kuka ba, salati kawai yake ji tana maimaitawa. Bakanike ya ajiye sifana ya zo ya zauna kusa da shi, tsokanar ta ƙare. Aka kawo shayi, ya huce a ƙasa ba wanda ya taɓa.

Rana ta yi ja kafin wata baƙuwar lamba ta shigo. Nan take ya ɗauka.

"Baba, ni ce."

"Auta! Ke ce ba lafiya?"

"A'a, wani dattijo ne a kujerar kusa da ni, numfashinsa ya sarƙe. Ni na kira ma'aikatan, na riƙe masa hannu har muka sauka. An wuce da shi asibiti, yana magana ma."

"Ke fa? Ƙafafun?"

 "Sun fara min tsami kaɗan. Na sha magani, na saka rigar sanyi."

"Saura nawa ku isa?"

"Kusan rabi, Baba. Ana zuba mai, yanzu za mu tashi. Ka kira Umma."

Layin ya katse. Ya kira matarsa ya ce lafiyarta ƙalau, bai ambaci ƙafafun ba. Sannan ya juya wajen Bakanike.

"Ara min cajarka. Kuma kada ka rufe garejin nan tukuna."